Fatar da Ba Ta Jin Zafi

Da sunan Allah mai ba da lafiya. Ni Balkisu ce, 'yar Zurmi, aure ya kawo ni Ƙaura Namoda. Tun da muka gama jinyar ƙafar maigidana mata ke tare ni a gidan suna da gidan biki, wannan ta ce mai ɗori ne ya ɓata ƙafar, waccan ta ce a'a, likitoci ne. Duk ba haka ba ne. Na gaji da gyara wa mutane zance, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, ko wani ya tsira da ƙafarsa.

Maigidana direban motar kaya ne. A tasha Lawali suke ce masa, ni kuwa Baban Nana nake cewa. Hatsi yake ɗauko wa 'yan kasuwa daga Shinkafi da Moriki ya kawo Ƙaura, da wannan muke ci muke sha. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, Inna, wadda muke zaune gida ɗaya da ita. Ku riƙe wannan, don nan gaba za ku ga amfaninsa. Inna irin tsofaffin nan ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Kakarsa ce ta raine shi. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "mai mota". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In aka ɗauko zancensa a tsakar gida, sai ta tashi ta shiga ɗaki kamar an aike ta.

Ranar da abin ya faru, ya taso daga Moriki da buhunan gero, taya ta fashe a hanya. Ya kafa jak a kan yashi, ya cire tayar, ya miƙa ƙafa ƙarƙashin motar zai jawo wani ƙarfe. Jak ya zame. Nauyin mota da na gero duka suka sauka a kan ƙwaurinsa na hagu, ƙafar da yake taka kuloci da ita.

Abokinsa Sama'ila, shi ma direba, yana biye da shi a baya, shi ya tara mutane suka ɗaga motar. Allah ya saka masa da alheri, amma sai na faɗi abin da suka yi. Da suka ga ƙashi ya huda fata ya fito, jini yana zuba, sai suka tuttula man birki a kan ciwon, wai yana tsayar da jini, haka direbobi ke yi. Suka kama ƙashin da yashi a jikinsa suka tura shi ciki, suka ɗaure da rawanin wani fasinja. Daga baya likita ya ce da tsumma mai tsabta kawai suka rufe wurin, suka tallafe ƙafar da katako suka taho, da sun rage masa aiki.

Na same shi a asibiti nan Ƙaura. Ban gane ƙafar ba. Daga ƙasan gwiwa zuwa kusa da idon sawu naman ya dagargaje, wani wuri ja wani wuri baƙi. Suka wanke iya wankewa, suka yi masa allurai, suka sa masa ƙarin ruwa, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce da shi babban asibiti yau ɗin nan.

A nan dangi suka fara. Kawunsa ya zo da babbar riga da carbi ya tsaya a kaina.

"Balkisu, mi za a kai shi yi can? Asibiti yanke ƙafa su ka yi. Akwai mai ɗori a Jangeru, gadon gidansu ne, ko ƙashi ya zama gari shina haɗa shi."

Na ce, "Kawu, ƙashi yake ɗorawa. Naman da babu fa, shi ma ɗora shi zai yi?"

Ya ce ban da kunya. Na ce na ji, a sa shi a mota. Ni dai bakina ba ya ajiye magana, kowa ya sani, ranar kuwa ya yi mini rana. Inna tana can bakin ƙofar asibitin a zaune a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta shigo ba, ba ta ce a tafi ko kada a tafi ba.

Ba zan faɗi sunan babban asibitin ba, don ina da yabo ina da ƙorafi. Ƙorafin shi ne layi. Layin kati, layin hoto, layin magani, layin jini, kuma duk abin da za a taɓa shi da shi sai ka fita ka sayo, har safar hannu. Mutum yana kwance ƙashinsa a waje, kai kana can kana jiran mai hatimi ya dawo daga cin abinci. Yabon kuwa na likitan ƙashi ne, wani siriri mai gilashi da ba ya dariya, da wata nas, Sista muke ce mata, mai faɗa kamar ni. Jini kuma direbobin tasha ne suka ciko mota suka zo suka bayar.

Likitan ya kira ni gefe kafin a shiga tiyata ta farko. Maganarsa ta zauna mini har yau.

"Hajiya, karayar ba ita ke ba ni tsoro ba. Ƙashi zai iya jiranmu. Naman da ya mutu da dattin da ya shiga ciki su ne abin gudu. In muka ci nasara a kansu, ƙafa ta tsira. In suka riga mu shiga ƙashi, sai mun cire ta daga ƙasan gwiwa."

Na ce, "Likita, direba ne."

Ya ce, "Na sani. Za mu yi iya yinmu."

Makon farko duk na wanki ne. A shiga da shi tiyata, a yanke naman da ya mutu, a wanke, a fito da shi ciwon a buɗe an cusa auduga. Bayan kwana biyu a sake komawa. Ni da na zaci za a ɗinke a huta, sai na ga ramin kullum ƙara faɗi yake. Na tare Sista na ce, "Wai ku gyara kuke ko ragewa kuke?" Ta ce, "Ke matar nan, in kina gyaran tumatir, ruɓaɓɓen kike bari a ciki?"

A tiyata ta farkon ne suka sa masa ƙarfe na waje. Ƙusoshi ne dogaye aka huda fata aka kafa su cikin ƙashi, sama da karayar da ƙasanta, aka haɗa su da sanduna a waje. 'Yan ɗakin maza suna ce masa eriya. Wani tsoho mai karayar cinya a gadon kusa kullum sai ya ce, "Lawali, juya eriyar nan ka kamo muna labarai." Da farko ko kallonsa ba na iya yi, daga baya ni ke goge gindin kowace ƙusa yadda Sista ta koya mini.

Mako na biyu zazzaɓi ya zo, ciwon ya fara wari. Aka canza allurai zuwa masu tsada. A nan muka sayar da tumakin da nake kiwo, daga baya filin da ya saya a bayan gari ya bi su. Kawu ya sake zuwa da ƙullin magani a aljihu, wai a barbaɗa in nas ta fita. Na karɓa da hannu biyu, na gode, yana fita na zuba a kwandon shara. Masu dubiya kuwa kowa sai ya ce a ɗaga zane ya gani. Na koma zama a ƙarshen gado kamar mai gadi, in mutum ya miƙo hannu in ce, "Daga nan ma ana gani."

Da wari ya ɗauke, nama ya yi ja mai kyau, sai aka zo babban aikin. Ƙashin ƙwauri a fili yake, babu abin da zai rufe shi, ƙashi kuwa in ya zauna a buɗe bushewa yake ya mutu. Wani likitan daban ya zo, mai gyaran nama da fata. Ya yanko tsoka daga sha-raɓar ƙafar, bai raba ta da jijiyar jininta ba, ya juyo da ita gaba ya shimfiɗa a kan ƙashin. Sannan ya feffero fata siririya daga cinyarsa ya lulluɓe tsokar. Baban Nana ya ce zafin cinyar ya fi na karayar.

Makonnin da suka biyo baya na kwanciya ne, ƙafa a kan filo, ba a sauke ta. Ni ke kai fo in kawo, ni ke juya shi, ni ke goge masa jiki. Sista tana zuwa ta danna gefen tsokar da yatsa ta ga ko jini yana dawowa. Ranar da aka buɗe aka ce fatar ta kama, sai da na fita bayan ɗakin na yi kuka son raina.

Duk tsawon zaman nan Inna ta zo sau da yawa, amma ko sau ɗaya ba ta ƙaraso gadon ba. Takan kawo fura ta zauna ƙarƙashin bishiya a waje, in na fito ta ce, "Ya mai jiki?" In na fara ba ta bayani sai ta kawar da kai ta ce, "To, Allah shi sawwaƙe," ta tashi. Don haka duk abin da likitoci suka faɗa, babu ko ɗaya da ya shiga kunnenta.

Ranar sallama likitan fata ya zaunar da mu, ni da shi. Ya ɗauki biro ya soki sabuwar fatar ya ce, "Ka ji?" Baban Nana ya ce bai ji ba. Likita ya ce, "To ka gani. Wannan fatar ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi. Ko wuta ta taɓa ta ba za ka sani ba sai ka ji ƙauri. Ban da ruwan zafi, ban da jin ɗumi kusa da garwashi, ban da shafa komai sai abin da muka ce." Muka dawo Ƙaura da ƙarfen a ƙafa, da sharaɗin mu riƙa komawa ana dubawa.

Gida ya yi daɗi. Fatar ta bushe ta yi sumul, har mun daina naɗe ta, sai dai a yafa ƙyalle saboda ƙuda. Ya fara dogara sanduna ya fita zaure. Ana nan sai aka yi mana rasuwa a Zurmi, yayar mahaifina. Na wanke ƙusoshi da safe, na ajiye masa abinci, na ce zan dawo kafin la'asar, don hanyar nan ba a yin yamma a kanta.

Da na dawo, tun daga ƙofar ɗaki na ji ƙamshin dafaffen ganyen dogon-yaro. Ga kwano a gefen gado da tsumma a ciki. Na ɗaga ƙyallen. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sabuwar fatar duk ta tashi ta yi bororo, wani wuri ta saluɓe ta yi fari.

Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Ya kawar da kai.

"Baban Nana, da kai nake. Wa ya gasa ƙafar nan?"

Ya ce, "Inna ce."

A wurinmu kowa ya san karaya sai da gashi. Inna ta ga an dawo da ɗanta an ƙi gasa masa ƙashi, abin yana cinta, kuma ba za ta iya buɗe baki ta yi zancensa ba. Sai ta jira ranar da babu idon kowa a gidan. Ta tafasa ruwa, ta shiga, ta yi ta danna tsumma tana tambayarsa ko da zafi, yana cewa babu. Da ta ji babu, sai ta ƙara mai zafi.

Na ce, "Ita ba ta sani ba, kai fa? Ba a gabanka likita ya soka biro ba? Bakinka ciwo yake?"

Ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Balkisu, tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa sa hannunta a jikina ba. Yau ta shigo ta ɗora ƙafata a cinyarta. In ce mata mi?"

Na fita tsakar gida, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗaga murya. Na ce an sayar da tumaki an sayar da fili, na yi wata da watanni ina kwana a tabarmar asibiti, an zo da tafasasshen ruwa an dafa mini wahalata. Inna tana bakin murhu. Duk a kunnenta na faɗa.

Washegari da sassafe Sama'ila ya mai da mu babban asibitin. Muna shirin tashi sai ga Inna da mayafinta ta buɗe mota ta shiga baya. Babu wanda ya ce da ita ta zo.

Likitan fata ya duba, ya cire gilashi ya goge. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na so ya yi. Ya ce fatar da aka dasa ta tafi, wannan babu shakka. Abin da bai sani ba shi ne tsokar da ke ƙarƙashi. In ƙunar ta cinye ta, ƙashi zai sake fitowa fili, kuma babu wata tsokar kusa da za a sake juyowa. Sai an shiga tiyata za a gani. Ya ce mu sa hannu a kan cewa in ta mutu, za a cire ƙafar.

Sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta shigo har gaban gadon, cikin ɗakin maza, gaban kowa. Ta janye mayafi ta miƙa wa likita damtsenta.

"Likita, ni na ƙona shi. In fata a ka nema, ga tawa. A yanka a sa ma Lawali."

Shekarata goma sha a gidan nan, ranar na fara jin sunan a bakinta. Baban Nana ya juya fuska bango, kafaɗarsa tana motsi.

Likita ya ce, "Mama, fatar wani ba ta zama a jikin wani. Tasa za mu sake ɗiba. Ke dai ki yi addu'a."

Aka shiga da shi da hantsi. Ni da Inna muka zauna a benci ɗaya, kowa na kallon gabansa. Har lokacin ina jin haushinta, ba zan yi ƙarya ba. Bayan azahar likita ya fito ya ce saman tsokar ne ya ƙone, sun kankare, ƙasanta yana da rai, jini yana gudu. Ƙashi bai fito ba. Inna ta zame daga bencin ta sa goshi a ƙasa.

Sai muka koma farko. Wanki, allurai, jiran nama ya yi ja, sannan aka feffero fata daga ɗaya cinyar aka sake dasawa. Abin da ya rage mana na sayarwa ya tafi a wannan zaman. Ƙashin ma ya yi nawar haɗewa, sai da aka ɗebo wani daga ƙugunsa aka cike gurbin. Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan aka cire ƙarfen aka sa filasta. Daga sanda biyu ya koma ɗaya.

Ƙafar tana nan. Ta ɗan gajarce, idon sawun ya sandare, ƙwaurin kuwa faci-faci ne kamar tayar da ta sha gyara. Bai koma doguwar hanya ba. Yana iya taka kuloci, amma in ya daɗe ƙafar kumbura take, don haka cikin gari yake jigila, Sama'ila ke zuwa Shinkafi. Mun gode Allah, mun gode wa likitocin nan biyu da Sista da mutanen tasha.

Ga abin da nake so a ɗauka. In ƙashi ya huda fata, kada a zuba komai, kada a tura shi ciki, a rufe a nufi asibiti. In an dasa wa mutum fata, a raba ta da ruwan zafi. Kuma duk abin da likita ya faɗa, a tara mutanen gida a faɗa musu, har wadda za ta tashi ta bar wurin. A bi ta ɗaki a faɗa mata.

Bayan mun dawo karo na biyu, Inna ta koma yadda take, har ta fi da. Ko ƙofar ɗakinmu ba ta bi. Ta daina dafa ruwa in yana tsakar gida. Ta rame, abinci sai ta taɓa ta ture. Ni kuma ina gaishe ta, amma gaisuwar ba ta wuce baki.

Likita ya ce fatar da aka dasa ba ta yin maiƙo da kanta, sai an riƙa shafa mata mai kullum ana murzawa a hankali, in ba haka ba ta tsage. Ya ce man kaɗanya ma ya isa. Ni ke yi safe da yamma. Wata safiya na ɗauko gwangwanin, sai na hango Inna ta labulen ɗakinta tana leƙen hannuna. Da muka haɗa ido ta saki labulen.

Na ce, "Baban Nana, tashi."

Ya dogara sandarsa, na sa shi gaba har ɗakinta. Na shimfiɗa tabarma, ya zauna ya miƙe ƙafar. Na ajiye gwangwanin a gabanta.

Na ce, "Inna, likita ya ce a riƙa shafawa safe da yamma. Ni aiki ya yi mini yawa."

Ta kalli gwangwanin, ta ɓoye hannuwanta cikin zane. "A'a, ɗiyata. Wanga hannu ya yi ɓarna."

Na ce, "Wannan ba ya ƙuna, Inna. Da yatsa biyu ake yi, a hankali."

Na fita na ja labule, na tsaya wanke-wanke kusa da ƙofar. Can sai na ji an buɗe murfin gwangwani, na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Da zafi?"

Ya ce, "Ba na jin komai a wurin, Inna. Amma ki ci gaba."